Yadda na haɗe hari biyu na Surat ya zama ɗaya a semina

Wallahi har yanzu in na tuna ranar nan sai raina ya ɓaci. Sati uku na yi ina haɗa takardar semina a kan yadda Maratha, mutanen yammacin Indiya da Shivaji ke jagoranta, suka dinga kai farmaki garuruwan masu kuɗi na daular Mugal mai mulkin Indiya a lokacin, na zaɓi Surat don ita ce babbar tashar jiragen ruwansu, nan alhazan Indiya ke hawa jirgi zuwa Makka, nan manyan attajirai irin su Virji Vora suke.

Farko komai lafiya lau. Na kawo yadda Shaista Khan, kwamandan Mugal, ya zauna a garin Pune kusan shekara uku yana cin ƙasar Shivaji har aka kai masa harin dare a 1663 ya rasa yatsu, sannan a Janairun 1664 Shivaji ya faɗa wa Surat don ya cike giɓin baitulmalinsa, gwamna Inayat Khan ya gudu ya kulle kansa a ganuwa ya bar talakawa, aka yi kwanaki ana kwasa ana ƙone gidaje.

Sai na zo inda na tafka ta. Na ce a hari na biyu da Shivaji ya kai Surat a 1670 George Oxenden ne ya tsare gidan kasuwancin kamfanin Ingila. Malam ya ɗago kai ya ce, "Wane Oxenden ɗin? Wanda ya mutu tun 1669?" Aji ya yi tsit. Ni ko na tsaya riƙe da takarda ban san ta inda zan kama ba.

Abin da ya faru shi ne na karanta labarin hari biyun a wurare daban-daban, na dinga kwafe wa a littafi ɗaya ba tare da na sa shekara a gefe ba, sai suka cakuɗe min. Oxenden na 1664 ne, na Oktoban 1670 kuwa Streynsham Master ne ya tsare gidan. Kuma abin haushin ba sunan kaɗai ba ne, tsakanin hare-haren nan biyu ai duniya ta juya: sarkin Mugal Aurangzeb ya turo kwamandansa Jai Singh ya yaƙi Shivaji, aka yi yarjejeniyar Purandar a 1665 Shivaji ya miƙa ganuwoyi 23, ya je fadar Aurangzeb a Agra a 1666 aka tsare shi ya sulale. Duk wannan na tsallake shi kamar babu, alhali shi ne ke nuna dalilin dawowarsa karo na biyu.

Malam bai ma ƙyale ni a nan ba, ya ce na daina cewa "ya ci Surat da yaƙi", don Shivaji bai taɓa zama ya mulke ta ba, dukiya ya zo kwasa ya koma. Wannan ɗin na yarda da gyaran nan take, amma maganar Oxenden ce ta fi ci min rai don na san ta, rashin tsari ne kawai ya kayar da ni.

Don Allah duk mai irin wannan aikin, kafin ka rubuta komai ja layi a farar takarda, 1664 a hagu 1670 a dama, kowane suna ka ajiye shi a gidansa. Ni sai bayan an zaftare min maki na yi hakan, takardar tana nan manne a bangon ɗakina.