Man kanumfari ba ya wanke tabon goro

Ina sayar da kayan ƙamshi da mayukan itatuwa, kuma kusan kullum sai wata ta zo ta ce, "Hajiya, a ba ni man da zan ɗiga a man goge baki haƙorana su yi fari." Da ciniki kawai nake bi, da na miƙa kwalbar na karɓi kuɗina. Amma ba na iyawa, saboda na san abin da man yake yi da abin da ba ya yi.

Man kanumfari yana da sinadarin eugenol, shi ke sa dasashi ya ɗan mutu idan haƙori na ciwo, likitocin haƙori ma suna aiki da shi. Man na'a-na'a yana sanyaya baki, ya kori wari. Duka biyun suna rage ƙwayoyin cuta. Goge tabo kuwa ba aikinsu ba ne. Jan goro da baƙin shayi da taba a saman haƙori suke zama, kuma gugar buroshi ce ke ɗauke su, tare da ɗan garin silika da ke cikin man goge bakin. Shi ya sa tsohon da ba ya rabuwa da asuwakin darbejiya yake cin goronsa, haƙoransa kuma tas.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗiga man kanumfari zallansa. Yana ƙona dasashi, yaro kuwa idan ya haɗiye shi yana iya taɓa masa hanta. Wasu har da gawayi da lemun tsami suke haɗawa. Tsamin yana cinye farin rufin haƙori, wanda ba ya sake tsirowa, sai rawayan ciki ya fito, ga tsamin haƙori in an sha ruwan sanyi.

Akwai kuma tabon da yake daga ciki. Mutanen Kaltungo a Gombe da na Tibiri kusa da Maraɗi sun san shi: ruwan shan da fuloraid ɗinsa (sinadarin da kaɗan ɗinsa ke ƙarfafa haƙori) ya zarce miligiram 1.5 a lita yana ɓata haƙoran yara tun suna haɗuwa. Wannan ko kwalba goma aka juye ba ya motsi, kuma zalunci ne a ce wa mai shi ƙazanta ce.

Wadda tsatsa ta riga ta daskare mata a gindin haƙori, asibiti nake tura ta a kankare mata. In ta dawo tana son ƙamshi, sai in ce ta sayi man goge baki mai fuloraid wanda aka riga aka haɗa da kanumfari a ma'auni, ta riƙa kurkure baki da ruwa duk ta gama cin goro.