Inda aka kwana da injin yankan ciyawa mai batir

'Yan uwa masu koyon kula da ciyawar gida, ga bayanin makonni takwas na aiki da injin yanka mai batir. Filin bai wuce murabba'in mita 350 ba, ciyawarsa ƙiri-ƙiri ce. Injin kuwa faɗin yankansa santimita 40, batirinsa ɗaya, an rubuta 40V (ƙarfin wutarsa) da 5Ah (yawan cajin da yake ɗauka) a jikinsa. Abin da makonnin nan suka fi nunawa shi ne, kukan da ake yawan yi cewa batir ba ya daɗewa, galibi ba laifin batir ba ne. Tsayin ciyawa da laimarta da dakushewar wuƙa su ne ke shanye caji.

Lissafin da ya kamata a yi kafin a kunna

Lambobin nan biyu na jikin batir ba ado ba ne. A cikin batirin litiyom akwai ƙananan ƙwayoyi, kowace tana ba da kimanin 3.6V, tana haura 4V idan ta cika. Guda 10 a jere su ne 36V. Wasu kamfanoni suna rubuta 36V, wasu suna rubuta 40V saboda abin da batirin ke bayarwa lokacin da aka cire shi daga caja. Abu ɗaya ne, kamar yadda 18V da 20V suke abu ɗaya. Kada babbar lamba ta ruɗe ku.

Idan kuna son sanin yawan wutar da ke ciki, ku ninka 36 ɗin nan sau 5 na Ah, ya ba ku 180Wh, wato wutar da za ta riƙe injin mai jan wat 180 na awa ɗaya. Injin da ke jan wat 360 zai ƙarar da wannan cikin rabin awa. In ciyawa ta yi kauri har ya koma jan wat 720, minti 15 kawai za ku samu. Batirin bai canza ba, aikin ne ya yi nauyi.

Sai lissafin fili. Faɗin yanka santimita 40 ne, amma kowane layi yana hawa kan na baya da kamar santimita 5, saura 35. Mai tafiyar kilomita 3 a awa yana cin mita 50 a minti, wato murabba'in mita 17 da rabi. Fili mai 350 zai ɗauki minti 20 in babu juyi, da juyi da kewaye bishiyoyi ya kusa rabin awa. Ke nan caji ɗaya ya isa, amma babu rara mai yawa. Duk abin da ya biyo baya ƙoƙari ne na kare wannan 'yar rarar.

Mako na 1: injin yana ta mutuwa

An bar ciyawar ta kai kusan santimita 12, aka sa injin a kan 4. Bai yi nisa ba ya fara tsayawa da kansa, fitilar batir tana ƙyaftawa. Wannan ba lalacewa ba ce. Akwai na'ura a ciki da ke yanke wuta idan nauyi ya wuce kima ko batir ya yi zafi, don kada wayoyin injin su ƙone. Wanda ya yi ta matsawa yana sake kunnawa a wuri ɗaya, zafi kawai yake ƙara wa batir.

Ƙa'idar ita ce kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin ganye a yanka ɗaya. Ciyawa mai santimita 12 a sauko da ita 8. Bayan kwana uku ko huɗu a kai ta kusan 5 da rabi, sannan 4. Amfanin wannan bai tsaya ga injin ba. Da ganyenta ciyawa ke haɗa abincinta, idan aka aske mata rabi ko fiye a lokaci guda sai saiwarta ta dakata da girma, ƙasan da ya saba da inuwa ya fito fari-fari, rana ta ƙona shi. Ƙiri-ƙiri tana jure gajeren yanka, santimita 2 da rabi zuwa 5. Ciyawa mai tsayuwa miƙe irin ta ƙasashe masu sanyi ta fi son 6 zuwa 9.

Lambobin da ke jikin libar tsayi, 1 zuwa 6 ko makamancin haka, ba santimita ba ne, matakai ne kawai. A cire batir, a ajiye injin a kan daɓe, a auna daga ƙasa zuwa bakin wuƙa da ma'auni, a rubuta abin da kowane mataki ya bayar. Sau ɗaya ake yin wannan.

Mako na 2: raɓa

An gwada yanka da sassafe saboda sanyin gari. Kuskure ne. Jiƙaƙƙiyar ciyawa kwanciya take yi a gaban taya, wuƙa ta wuce ta sama, wadda aka yanka kuma ta dunƙule ta manne a cikin kwanon da wuƙa ke juyawa. Kwanon nan an ƙera shi ne don iska ta zaga ciki, ta ɗaga ganye tsaye, ta hura shi cikin jaka. Da ya toshe sai iskar ta mutu, injin ya riƙa dakan ciyawa maimakon yanka ta. Batir ya ƙare da sauran kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fili. Gwajin mai sauƙi ne: ku taka ciyawar, in takalmi ya jiƙe, ku dakata. Hantsi bayan raɓa ta bushe, ko yamma da rana ta yi sanyi, su ne lokacin.

Makonni na 3 da 4: wuƙa

A nan ne aka sami babban canji, don haka zan daɗe a kai.

Alamar dakushewa ba a jikin wuƙa ake fara ganinta ba, a jikin ciyawa ne. Kwana ɗaya ko biyu bayan yanka ku durƙusa ku dubi bakin ganye. Idan a yanke yake tsaf, wuƙa lafiya. Idan ya yi zare-zare, ya koma fari ko ruwan ƙasa, to yaga shi aka yi. Ganyen da aka yaga ya fi zubar da ruwa, cuta ta fi saurin shigarsa, daga nesa kuma filin ya yi kamar an barbaɗa masa toka. Injin mai fetur yana da ƙarfin da zai ɓoye wannan aibi, mai batir ba shi da shi. Kowane ɗan ƙarin tirjiya daga cajinku ake cire shi.

Ga yadda ake wasa ta. Da farko a cire batir gaba ɗaya, a zare makullin tsaro idan injin yana da shi. Wannan ba abin sassauci ba ne, domin injin mai batir shiru yake ko yana shirye ya tashi, ba ya gargaɗi. A sa safar hannu mai kauri, a kwantar da injin a gefensa. Babu mai ko fetur da zai zube, saboda haka kwantar da shi ba matsala. A soka guntun katako tsakanin wuƙa da bangon kwano don kada ta juya, a kwance notin tsakiya da sifana. Kafin a cire ta a yi alama a fuskar da ke kallon ƙasa, kuma a lura da yadda zobban ƙarfen da ke ƙarƙashin notin suka jeru. Mutane da yawa suna mayar da wuƙa a kife, su yi ta mamakin dalilin da injin ya daina yanka. Fiffiken da ya lanƙwashe a bayan wuƙa sama yake kallo, yana fuskantar rufin kwano.

A kankare busasshiyar ciyawa, a ɗaure wuƙar da kyau, a bi da magagari a kan gangaren da ta zo da shi, kimanin digiri 30. Fuska ɗaya ake wasawa, ta sama, ana turawa gaba kawai. Ba a neman kaifin aska. Bakin da ya yi siriri sosai yana lanƙwashewa da ya haɗu da tsakuwa ta farko. Ya isa idan bakin ya miƙe, babu gibi, babu ƙyallin dakushewa.

Matakin da aka fi tsallakewa shi ne daidaita nauyi. A kafa ƙusa a bango, a rataye wuƙar ta ramin tsakiya a kwance. Ɓangaren da ya sunkuya ya fi nauyi, a ƙara cin ƙarfe daga can har ta tsaya daidai. Wuƙar nan tana juyawa kusan sau 3,000 a minti, ɗan bambancin nauyi sai ya zama girgiza, girgizar kuma ita ke cin boris na injin. Wajen ɗaure noti a bi ƙarfin da littafin injin ya faɗa. Wuƙar da ta tsage, ko ta lanƙwashe, ko fiffikenta ya cinye ya yi siriri, ba a gyara ta, sabuwa ake sa, kuma irin wadda aka yi wa wannan injin. Wuƙaƙen injin batir sukan fi na mai fetur rashin nauyi, da gangan aka yi su haka.

Bayan wasawar an gama filin duka da sauran fitila ɗaya cikin huɗu a jikin batir. Ana so a maimaita bayan kowace awa 20 zuwa 25 ta aiki, ko kafin haka idan ƙasar mai yashi ce, don yashi yana cin ƙarfe.

Mako na 5: jaka ko a bar ta a ƙasa

Yawancin injinan suna ba da zaɓi: a tara a jaka, ko a toshe ƙofar baya da abin toshewa wuƙa ta niƙe ganyen ya koma ƙasa, wasu kuma suna fitarwa ta gefe. A ganina niƙewar ta fi, muddin ana yanka a kan kari. Guntayen ganye suna ruɓewa da wuri su mayar wa ƙasa sinadarin da ciyawa ta ɗauka, musamman naitirojin. Amma niƙa tana jan wuta fiye da sauran idan ciyawa ta yi tsawo, domin kowane ganye sai an sare shi sau da yawa. In an makara da yanka, ko ciyawar banza ta fitar da iri, a sa jaka. A zazzage ta tun ba ta cika maƙil ba, a riƙa kakkaɓe ragarta, don ta ramukan ragar iska ke fita.

Mako na 6: tafiya

A fara da zagaye biyu a gefen fili don a sami wurin juyi, sannan a bi dogayen layuka, tunda juyi kaɗan yana nufin caji kaɗan. A canza fuskar layi kowane mako, in ba haka ba tayoyi su yi hanya, ciyawa ta kwanta gefe ɗaya. Ku saurari injin. Sababbi da yawa suna ƙara gudu da kansu idan sun ji nauyi, to da kun ji ƙara ta tashi ku rage tafiya ko ku rage faɗin da kuke ci. Injin mai tuƙa kansa daga batirin nan yake ɗaukar ƙarfin tayoyi, a shimfiɗaɗɗen wuri a kashe shi a tura da hannu. A gangare a bi ta gicciye, ba sama da ƙasa ba, kada santsi ya kai ƙafa ƙarƙashin kwano.

Kafin kowane yanka a zaga a tsince duwatsu, waya, ƙashi da kayan wasan yara. Rufaffen takalmi da tabarau dole ne, yara da dabbobi kuma su yi nisa. Kada a taɓa ɗaure sandar da ake matsewa da hannu, ita ce ke tsayar da wuƙa cikin 'yan daƙiƙu idan an sake ta.

Makonni na 7 da 8: batir da ajiya

Zafi shi ne babban abokin gabar batirin litiyom. Wanda aka ciro daga aiki yana da ɗumi, a bar shi a inuwa kamar rabin awa kafin a sa a caja. Cajoji masu kyau ma ƙin farawa suke yi har sai ya huce, mutum ya zaci sun lalace. Kada a bar shi a rana ko cikin rufaffiyar mota, kada kuma a yi masa caji a sanyin da ruwa ke daskarewa. Cajarsa ta asali kawai za a yi amfani da ita, a kan daɓe ko wani abu da ba ya kama wuta, a cire idan ya cika.

Ba sai ya mutu murus ake masa caji ba, irin wannan batir ba ya buƙatar haka, yawan kai shi ƙarshe ma rage masa kwana yake. Idan za a ajiye shi wata ɗaya ko fiye, a bar shi da kashi 40 zuwa 60 cikin 100, wato fitila biyu cikin huɗu, a cire shi daga injin, a sa a busasshen wuri mai sanyi, a riƙa dubawa bayan wata biyu ko uku. Wanda ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, a daina amfani da shi nan take, a kai inda ake karɓar tsofaffin batura. Ba a jefa shi a shara ko a wuta.

Shi injin kansa ba a wanke shi da mesa. Bayan kowane yanka, da batir a cire, a kankare cikin kwano da guntun katako ko roba tun ciyawar ba ta bushe ta zama kamar siminti ba. A goge ramukan shan iska na sama da burushi, a duba bakin ƙarafunan da batir ke zama a kai, babu datti babu laima. Idan wata rana ya ƙi tashi, ga jerin dubawa: batir ya shiga har ya yi ƙas, makullin tsaro yana ciki, an miƙe hannun turawa har ƙarshe an kulle shi, jaka ko murfin baya ya zauna daidai. Injina da yawa suna da makunni a waɗannan wurare, ɗaya ya kuskure ba za su motsa ba. Sannan a danna maɓalli a riƙe kafin a ja sandar hannu, a yawancinsu in an juya wannan tsari ba sa tashi.

Yanzu filin yana kan santimita 4, ana yanka da zarar ya kai 6, wanda a lokacin ruwa yake kamawa duk kwana biyar zuwa bakwai. Abu na gaba shi ne bakin katanga da gindin bishiyoyi, inda kwano ke barin ciyawa mai faɗin yatsu uku da wuƙa ba ta kaiwa.