Kafin ka sai da fuloti don sabuwar kwantirola

Shekaranjiya bayan la'asar ɗan ƙanwata ya same ni a ofis, ko zama bai yi ba ya miƙo min waya, Kawu dubi wagga. Hoton kwantirola ce sabuwa dal, irin mai Android ɗin nan mai faɗin sikirin, wani dila ya turo mashi ta WhatsApp har da bidiyo. Yaron ya gama HND ɗinshi ta safiyo, ya yi shekara biyu yana bi na daji, bara munka haɗa kuɗi ya sayi GPS da anka taɓa aiki da shi, bes da rofa (kawunan GPS biyu, ɗaya ana kafe shi wuri guda, ɗaya ana yawo da shi) da kwantirola, yana kama ƙananan ayyukan awon fili ni ina duba mashi ina sa hannu. Yanzu wai kwantirolar ta tsufa, abokanshi duk sun wuce wurin, don haka zai sai da fulotin da ya gada wajen Kwannawa ya cika da kuɗin adashi ya sayo sabuwa. Na ce mi tsohuwar ta kasa yi maka? Ya ce ai Kawu tana da nauyi, kuma in mai aiki ya gan ka da ita sai ya raina ka. Na yi shiru, don wallahi kaina na gani tsaye a gabana.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba, kwantirola ita ce 'yar kwamfutar nan da kuke gani manne jikin sandar da safiyo ke riƙe da ita, ita ke magana da kan GPS, wato risibar da ke kama taurarin ɗan adam, ko na'urar awo mai ƙafa uku, ita ke ajiye kodinet, wato lambobin matsayi, na kowane wuri da anka auna. Ita kanta ba ta auna komai. Wanga magana ta ƙarshe ita ce ban gane ba sai da na yi asara.

A 2016 abin ya same ni. Shekarar da naira ta faɗi ce, dala ta tashi daga 197 ta doshi 300 a banki cikin watan Yuni, kowa na cewa in za ka sayi kayan waje ka saya yanzu kafin gobe. Ni kuma a lokacin littafin fili nike rubuta awo a ciki da fensir, in dawo gida da dare in zauna ina shigarwa kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, in anka ɗauke wuta a bar shi sai gobe. Na je wani taro na ga yaran da na girme su da shekara goma kowa da kwantirola rataye, raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Na dawo Sakkwato na sai da fulotina, wanda na ce na gina ma iyali, na cika da bashin wani amini. Mai ɗakina ta ce ka jira aikin da za ya biya ta ya zo tukuna, na ce mata ba ki san harkar ba.

To amma a yi min adalci, ba son burga ne kaɗai ba. Rubutun hannu na da nashi bala'in, sau nawa na rubuta 6 na karanta 0 da dare, sau nawa zufa ta jiƙa shafi lambobi sunka dagule. Kuma masu ba da babban aiki sun fara tambayar fayil, ba takarda ba. Ina da hujja. Abin da ba ni da shi shi ne tambaya, ban tambayi kowa komai ba kafin in tura kuɗi.

Akwatin ya iso na buɗe da murna, sai ga shi manhajar da ke ciki lasisinta na GPS ne kawai, in ina son ta yi magana da tsohuwar na'urar awona sai na sayi wani lasisin daban, da dala. Na saya. Wayar haɗawar ma bakinta bai shiga ba, sai da anka aiko wata, sati uku ina jira. Duk wanga ƙaramin abu ne.

Babban shi ne aikin farko da na fita da ita, yankan fulotai wajen hanyar Bodinga. Na ɗauki hayar bes da rofa, na kafa bes inda ya yi min daɗi ƙarƙashin wata bedi, na danna ta ɗauki matsayinta da kanta, ban nemi tsohon bikon na gwamnati, wato alamar awo da ake dasawa a ƙasa, na ɗaura aikin a kai ba, don a raina sabuwar na'ura ta fi ƙarfin wanga wahala. Ban kuma buɗe saitin datum, wato tsarin da ake ɗora lissafin kodinet a kai, na duba ba. Ita tana kan datum ɗin WGS84 yadda ta fito daga kamfani, tsoffin taswirorinmu kuwa kan datum ɗin Minna suke, kuma tazarar da ke tsakanin biyun a ƙasa ta haura mita 50. Kwana huɗu muna dasa bikon cikin rana, sikirin na nuna min kuskure bai wuce santimita biyu ba ina jin daɗi. Ranar da anka ɗora aikina kan tsohuwar taswira sai ga layina ya hau gonar mutane, hanya ta faɗa cikin fuloti. Ina tuna wani dattijo mai gonar, ya tsaya da sandarshi kan bikon ɗina ya ce min ɗana, wanga wuri kakana ya nome shi, ita na'urar taka ta san haka? Ban da amsa. Da kuɗina na tone bikon ɗin duka na sake aikin, mai aikin bai sake kira na ba har yau, kuma bai yi laifi ba.

Wani lokaci ina ce ma kaina ai ba wanda ya koya min, a makaranta tiyodolait da sarƙa munka sani, dilan ma bai ce komai ba. Amma datum ai a aji ɗaya anka koya mana shi, kuma duba aiki kan sanannen bikon ko da tef kake awo farilla ne. Zumuɗi ne ya rufe min ido. Fulotin nan da na sayar yau unguwa ce cike da gidaje, in na bi ta wurin nakan kau da kai.

Sai kuma na faɗa ɗaya ramin. Wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma gudu yake, na rantse ba na sake sayen komai, wagga kwantirola da ita za a rufe ni. Ashe kuma a ƙarshen zamaninta na saye ta, tana tafiya da Windows Embedded Handheld 6.5, wanda Microsoft ta daina tallafa ma a Janairun 2020, kamfanoni sun koma Android da Windows 10. Na sauya laftof, manhajar da ke haɗa su ta daina yarda, kullum sai dabara, sai da na ajiye wata tsohuwar kwamfuta musamman don kwashe fayil. Batir ya fara kumbura, na ɗaure murfin da roba na ci gaba. Yarana sun yi magana na ce ku ba ku san zafin kuɗi ba. Watan Afrilu, zafin nan namu da ke haura digiri 40, muna aiki wajen Wamakko kwana na uku ban kwashe komai ba don ganin wahalar kwashewar, sikirin ya yi fari fat ya ɗauke. Ba ta sake tashi ba. Awon kwana uku, da kuɗin mota, da na leburori, duk sun tafi. Shekarar 2023 ce, na tsaya jan ƙafa ina neman mai gyara, Yuni ta zo anka saki naira, dala ta bar wajen 460 ta haura 700, farkon 2024 ta wuce 1,500. Abin da na ƙi saye da sauƙi na zo na saye shi da kuka.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, na ma rubuta wasu a takarda, amma da na duba kaɗan ne masu amfani.

Kada ka sai da ƙasa don na'ura. Ko kusa. Ƙasa tana ƙara daraja kana barci, kwantirola kuwa daga ranar da ka yage ledarta ta fara tsufa. Mu da ke auna filaye kullum mun fi kowa sanin haka, abin kunya ne a ce mu ne ke sakin su. In aikin da ke hannunka ba za ya biya ta ba cikin 'yan watanni, ka yi haya, akwai masu bayarwa, ba wanda haya ta rage ma daraja.

Kuma ku daina cewa sabuwar kwantirola za ta ƙara muku daidaito, wallahi maganar nan na ƙona min rai. Yawan taurarin da ake kamawa, GPS ne ko GLONASS ko Galileo ko BeiDou, daga kan risiba ne. Auna wuri da sanda a karkace, shi ma na'urar da ke yin hakan cikin kai take. In kan GPS ɗinka tsoho ne, ko ka ɗaura mashi kwantirolar miliyan nawa amsar da za ya ba ka ita ce dai ta jiya. Na tambayi yaron nan wane zon muke cikin yankunan da anka kasa duniya don taswira, ya ce 31, na ce to in aiki ya kai ka Isa ko Sabon Birni fa? Ya tsaya yana kallo na. Layin digiri 6 ya ratsa jihar nan, gabas da shi zon 32 ne, wanga bai dame shi ba, faɗin sikirin ne ya dame shi. Yaran yanzu sun san sunan kowane samfuri da farashinshi, amma ka ce su rufe tarabas, wato awon da ke zagayawa ya dawo inda ya fara, da hannu su fidda kuskure sai gumi. Hoto da na'ura a Facebook an iya, neman tsohon bikon cikin geza da ƙaya kuwa sai a ce Oga rana ta yi. SURCON, hukumar rajistar safiyo da anka kafa tun 1989, ba ta tambayar wace kwantirola gare ka kafin ta yi maka rajista, kuma ranar da rikicin iyaka ya kai kotu sunanka ne kan takarda.

Amma kuma, kada ka yi irin taurin kaina. In taka mai tsohuwar Windows ce irin tawa, batir ya fara kumbura, ba a samun wani a kasuwa, kwashe fayil ya zama yaƙi, to ka rabu da ita yanzu kada ka jira ta mutu maka a daji. Na san na ce kada a saya, yanzu ina cewa a saya, to haka abin yake, ni duka biyun sun cije ni. Ta ɗan ƙanwata ma irin wagga ce, shi ya sa ban iya ce mashi a'a kai tsaye ba. Sai dai tashi batirinta lafiya lau, tana ɗaukar filashi, ba ta taɓa ɓatar mashi da aiki ba. Nauyi ba ciwo ba ne.

In har za a saya ɗin, a kawo ta a haɗa da naka kan da taka na'urar awo a gabanka kafin kuɗi su fita, ka tambaya a rubuce ko lasisin na dindindin ne ko na shekara-shekara, ka tambayi wa ke gyara ta a Najeriya da inda ake samun batir. Ka fito da ita tsakar rana ka ga ko sikirin na karantuwa, ka duba tana da IP67 ko sama, wato lambar jure ƙura da ruwa, don ƙurar hunturu ba ta da tausayi. Wasu na cewa waya ma ta isa tunda manhajojin Android da yawa na kama risiba ta Bluetooth, gaskiya ne na gwada, amma wayata ta yi zafi ta kashe kanta kafin azahar, don haka ka riƙe ta a matsayin ta ko-ta-kwana kawai. Kuma kowane dare ka kwashe fayil ɗinka wuri biyu, ko ka gaji ko ba ka gaji ba.

Jiya na kira uwarshi na ce takardar fulotin nan kada ta bar hannunta. Shi kuma na ce ya zo ranar Asabar da sassafe da kayanshi, na aro sabuwar kwantirola irin wadda yake so wajen wani abokin aiki, za mu je kan wani bikon da na san lambobinshi tun ina yaron ofis, mu auna da tsohuwar mu auna da sabuwar da kai ɗaya, ya karanta min amsar da bakinshi. Ya ce to Kawu, amma na ji a muryarshi dilan ya riga ya turo mashi lambar asusu.