Abin da teburin yanka ya koya mini game da riƙon gida

Duk yarinyar da ta zo koyon ɗinki ɗokinta ta hau keke, amma a shagon da na yi koyo a unguwar Fagge keke shi ne abu na ƙarshe da ake bari ki taɓa. Sai kin ƙware a guga, da sa maɓalli, da farke ɗinkin da ya karkace, sannan a tsayar da ke gefen teburin yanka ki zuba ido. Uwar ɗakinmu, wadda muke kira Hajiya, takan shimfiɗa turmin atamfa, yadi shida cif, ta ɗauki alli ta yi ta zane tana gogewa, almakashi na ajiye a gefe. Ta gwada hannun riga ta nan, ta mayar da shi can, ta nemo inda wuya zai fita daga abin da siket ya bari, tana lura kada furen atamfar ya kifa. Sau da yawa zanen yakan fi yankan cin lokaci. In ta ga mun ƙosa sai ta ce, "'Yata, alli ana goge shi, almakashi ba ya dawowa."

Daga turmi ɗaya takan fitar da riga da siket da ɗankwali, wani lokaci har da 'yar rigar yarinya, alhali wata telar turmin nan ba ya isarta. Hannunsu a keke ɗaya ne. Bambancin yana wajen lissafin da aka yi kafin ƙarfe ya taɓa yadi. A nan na gane cewa yawancin asarar da muke kuka da ita a gida ba ranar da aka zubar da abu take faruwa ba. Tun ranar da aka saye shi, ko aka auna shi, ba tare da an san inda zai shiga ba, an riga an yi ta.

Akwai abin da Hajiya ba ta wasa da shi, wato ragowar yadi. Kowa ya san sunan da teloli suka yi a kan wannan. Ita kam duk ƙyallen da ya kai a yi wani abu da shi sai ta naɗe shi cikin kayan mai shi. Ƙananan ma sai ta tambaya: "Yaya, a bar mana waɗannan ko kina so?" In an bari, sai su shiga buhu, na auduga daban, na roba daban, leshi daban. Bayan Sallah, lokacin da aiki ya ja baya, a zazzage buhunan. A nan muka koyi haɗa zanin gado na ƙyallaye, da rigar filo, da majanyi, da jakar Islamiyya ta yara, da tsumman sauke tukunya. Mitsi-mitsin da ba sa ɗinkuwa a cusa su cikin matashi. Aikin yana da ƙa'ida. Ba a haɗa auduga da yadin roba a abu ɗaya, don in an wanke ɗaya ya tsuke ɗaya ya tsaya, sai ɗinkin ya tattare. Kuma kowace atamfa sai an jiƙa ta tukuna, a ga ko tana zuba, kada ja ya ɓata fari. Wanda ya raina wannan aiki bai taɓa zama ya daidaita ƙyalle hamsin su haɗu kusurwa da kusurwa ba.

Ita ce kuma ta fara kai ni Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo. Da safe ake zuwa, lokacin da ake fasa dila, don zaɓen farko shi ne kaya. Ta koya mini a ɗaga riga a rana a ga inda ta sirance, a duba hammata da wuya da bakin hannu, a ja zif sama da ƙasa, a kifa ta a kalli ɗinkin ciki. Tela ba riga take gani a gwanjo ba, yadi take gani. Babbar rigar namiji ta auduga tana ba da rigunan yara biyu. Labule mai kauri yana rufe kujerun da suka koɗe. Zanin gado ɗaya mai kyau ya ishi shafin riguna da yawa. Rigar sanyi kuma a watan zafi ake sayenta, ba sai hunturu ya shigo kowa ya yi caa a kanta ba. In an kawo gida, wanki da ruwan zafi da shanya a rana tsakiya kafin ya taɓa jikin kowa. Kayan ciki ba na saye a gwanjo, kuma ba na ba kowa shawarar ya saya.

Sai dai gwanjo ma yana da tarko. Araha ba ta ado, kuma tana jan hannu. Na sha ganin mace ta kwaso kaya niƙi-niƙi don ta same su da sauƙi, rabinsu ba wanda zai sa a gidanta. Wannan ba tattali ba ne, ɓarna ce mai rahusa. Yanzu ma dilolin sun cika da tufafin da tun a ƙasashen da aka yi su ba a ɗinka su don su daɗe ba. A kasuwar Kantamanto ta Accra, wadda gobara ta cinye babban sashenta a farkon Janairun 2025, 'yan kasuwa sun daɗe suna kukan cewa kaso mai yawa na abin da ke cikin dila shara ne, yana ƙarewa a bola da bakin teku. Kuma raina yakan sosu in na tuna cewa Kaduna da Kano sun taɓa zama garuruwan masaƙu. Masaƙar UNTL ta Kaduna, wadda ta ciyar da dubban gidaje, ta rufe a 2007. Muna noma auduga, muna sa tsofaffin kayan wasu. Ina sayen gwanjo, ba na jin kunyarsa, amma ba na ɗaukarsa abin alfahari ga ƙasa.

Da na yi aure, wannan tarbiyya ta alli kafin almakashi ita ta bi ni har madafa, kuma ban san darajarta sosai ba sai bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da aka sanar da cire tallafin man fetur. Kafin tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a ƙididdigar hukuma, kuma kowace mai cefane ta san haka tun kafin a faɗa a rediyo. Kuɗin cefanen bai ƙaru ba, bakunan da za su ci ba su ragu ba.

Abin da nake yi ba wani abin mamaki ba ne. Ranar Juma'a da yamma nakan duba abin da ke cikin sito tukuna, sannan in tsara girkin mako a kansa, ba a kan abin da rai ke kwaɗayi ba. In an dafa wake da yawa ranar garau-garau, wani kason na faten gobe ne. Ranar tuwo da dare na san da ɗumame da safe, don haka ba sayen burodi. Ƙanzon tukunya a shanya shi, ya bushe ƙayau, ranar da aka tara a jiƙa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli da albasa da tumatir, yara har rububi suke yi. Miyar da za ta kwana a tafasa ta da dare, a sake tafasa ta da safe, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Shinkafa dafaffiya kuwa ba ta jure zafin garinmu, don haka daidai ruwa daidai tsaki nake auna ta.

Babban tanadin yana wajen sanin lokaci. Da rani, lokacin da tumatirin Kura da Kadawa ya cika kasuwar 'Yankaba har yana ruɓewa a kwando, a lokacin ake yanka shi a yi kauɗa, a busar da tattasai da kuɓewa, don da damina ta sauka sai farashinsa ya gagari talaka. Hatsi da wake da kaka ake saye, ko da haɗa kuɗi za a yi da maƙwabta a ɗauko buhu a Dawanau a raba da kwano. Wake a cika jarka busasshiya taf, a toshe bakinta sosai, ƙwaron ya rasa iska ya mutu. Ba sai an zuba masa maganin ƙwari ba, wanda shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, kuma mu ne muke cin sa a nan. Ganye da ɗanyen kaya kuma ina sa su cikin tukunyar ƙasa da aka zaunar a cikin wata babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, a rufe da ɗanyen tsumma. Ruwan yana tashi yana ɗauke zafi. Wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa wannan dabara a ƙauyuka har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, amma gidaje da yawa a cikin birni ba su taɓa gwada ta ba.

Nakan ji ana jingina irin wannan riƙo da rowa, kuma abin yana ɓata mini rai. Marowaciya tana ƙuntata wa iyalinta don ta tara. Mai tattali tana auna tukunyarta da kason almajiri da na baƙo a ciki, kuma saboda ba ta zubar da komai jiya ba ne yau take da abin miƙa wa maƙwabciyar da ta haihu. Gidajen da na ga ana kwashe tuwo ana kaiwa bola ba su fi kowa kyauta ba.

Inda har yanzu nake fama da mutane shi ne anko. A fitar da atamfa mai tsada don biki ɗaya, mace ta ci bashi ta saya, ta matsa a yi mata ɗinkin da ya cinye yadi shida a falmaran da tattara, ta sa sau ɗaya ta cusa a akwati don kowa ya riga ya gan ta da shi a hoto. Idan irin wannan ta zo shagona nakan ce, "Anti, bari in bar miki zanin a tsaye ba tare da na yayyanka shi ba, rigar kuma in bar mata sarari a ciki, ko jiki ya ƙaru a buɗe." Wasu su ƙi, su tafi wajen wata telar. Wasu su yarda, bayan shekara biyu su dawo da zanin a ɗinka wa 'ya'yansu kayan Sallah.