Wayar da ta ƙi tashi

Yau a Babbar Kasuwar Maradi, a rumfar mai gyaran salula, wani yaro ya kawo Android ɗinsa. Rutin ya yi mata, wato ya samar wa kansa cikakken iko a kan tsarin wayar, don ya goge manhajojin da suka zo da ita, sai ya ɗora mata fayil ɗin tsarin wani samfurin waya daban. Da tambari take nunawa tana sake kunna kanta, da sauƙi, filashin kawai za a yi, wato a sake ɗora mata tsarinta na asali. Wannan ko caji ba ta nunawa. Mai gyara ya jona ta da kwamfuta, shiru.

Yaron bai tambayi kuɗin gyara ba, hotunan marigayiya mahaifiyarsa ya tambaya. Mai gyara ya ce: "Ƙanena, sai haƙuri, tun da ka buɗe butloda, makullin nan da ake buɗewa kafin a yi rutin, suka goge." Wallahi jikina ya yi sanyi. Ni ma hotunan tsohona a waya ɗaya tak suke.