Rakiyar mai keke ta yiwu, bayan na hura wa kyamarata famfon taya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyo. Yau bakina har kunne. Hoton da na yi Asabar shida ina farauta ya shigo hannu jiya da hantsi a titin Gwarzo na Kano, gaba kaɗan da Rimin Gata. Ƙanena ne a kan kekensa, fuskarsa tar, har saƙar hular sanyinsa ana iya ƙirgawa, bayansa kuwa shaguna da darbejiya da wata a-daidaita-sahu duk sun zama zane-zane a kwance kamar an bi su da tsintsiya. Ɗaya ne tak cikin 143 da na ɗauka jiya. In aka haɗa da na makonnin baya sun haura 700. Na san a cikinku akwai waɗanda wannan ya zame musu shan ruwa, to ku yi haƙuri ku bar ni in yi murnata.

Kayan aiki suna nan yadda kuka san su: Nikon D3200 'yar gwanjo, da lens 18-55 da ta zo da shi, sai 55-200 na aro. 'Yan hoto suna ce wa abin fanin, ni rakiya nake ce masa, tunda aikin ke nan, ka raka mai keke da kyamara har ya wuce.

Makonni biyun farko ba su da labari mai daɗi. Komai dishi-dishi, mai keken da bayansa duka. Laifina ne: da na danna, madubin cikin kyamara ya ɗaga, wurin leƙawa ya yi duhu, sai hannuna ya tsaya cak ba tare da na sani ba. Na gyara tsayuwa, ƙafafu na kallon inda zan ƙare, gwiwar hannu manne da haƙarƙari, juyi daga ƙugu, kuma ba na tsayawa sai yaron ya yi nisa. Na koma AF-C, watau fokos mai bin abin da ke motsi, da ɗigon fokos na tsakiya kaɗai, don cikin ɗigo 11 na wannan kyamara shi ne mai kama abu ta tsaye da ta kwance. Wannan duk an sha faɗa, ba shi ya kawo ni ba.

Abin da ya kawo ni tabo ne.

Asabar ta uku hannu ya fara faɗawa. Na dawo gida da zumuɗi, na zuba hotuna a kwamfuta, sai ga wasu baƙaƙen ɗigogi a sararin sama, kamar kashin ƙuda a jikin farin bango. Na ƙirga goma sha ɗaya, da wani siriri mai lanƙwasa kamar gashin ido. Hoto na gaba, suna nan a wurin. Na gaba ma haka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, hotunan da na ɗauki yaran gidanmu a soro da yammacin ranar ba su da ko ɗaya. Na goge lens ciki da waje har na gaji. Na canza zuwa 55-200, tabo bai matsa ko da faɗin gashi ba. A nan na san ba lens ba ne, amma na kasa gane dalilin da ya sa suke fitowa a hoton keke kawai. Har na fara zargin ko girgizar hanya ce ta lalata wani abu, tunda a lokacin a kariya nake ɗaure jakar.

Sai da na zauna na bi bayanan hotunan ɗaya bayan ɗaya. Lambar f ita ce faɗin ƙofar lens, ƙaramar lamba ƙofa a buɗe, babba a tsuke. Na soro: f/4, f/4.5. Na titi: f/25, f/29, wasu f/32. Ashe ni na jawo. Ina kan S, inda ni ke zaɓar tsawon lokacin da shota za ta buɗe wa haske, kyamara ta zaɓi ƙofar lens. Na kafe shota a 1/30 na daƙiƙa, ISO, watau ƙarfin jin hasken kyamara, a 100, kuma D3200 ba ta sauka ƙasa da 100. Ku tuna ƙa'idar nan da muka haddace, rana tsaka, ISO 100, wajen 1/125, f/16. Daga 1/125 zuwa 1/30 mataki biyu ne, don haka dole kyamara ta tsuke ƙofar lens mataki biyu ta biya bashin, f/16 ya koma f/32. Ita kuwa ƙura ba a kan sensa kanta, watau farantin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara, take zama ba, a kan siririn gilashin da ke gabanta take, da ɗan rata a tsakani. In ƙofa a buɗe take, haske na zuwa ta kowace kusurwa, inuwar ƙurar ta baje ta ɓace. In ƙofa ta tsuke kamar kafar allura, haske ya zo a miƙe, kowace ƙwayar ƙura sai ta buga inuwarta raɗau. Watau ƙurar ta daɗe tana ciki abinta, rakiya ce ta tona mata asiri.

Inda ta shiga kuma ba sai an yi duba ba. Cikin hunturun nan na sha tsayawa a bakin titi, tirela na wucewa, in cire lens in sa wani, kyamara a kunne, bakinta na kallon sama. Shi kansa 18-55 duk zuƙowa da mayarwa iska yake shaƙa yana fesarwa.

Na gwada yadda ake gwadawa: na koma A, inda ni ke zaɓar ƙofar lens, f/22, fokos da hannu a karkace, na ɗauki farin bangon ɗaki ina motsa kyamara. Da na ƙara wa hoton kaifin baƙi da fari sai na ga ba goma sha ɗaya ba ne, sun fi talatin. Na sa kyamara ta karkaɗe sensarta da kanta, sau goma ina maimaitawa. Biyu suka tafi.

To ga inda za ku yi mini dariya. Na san iska ake hurawa, na kuma san ba a hurawa da baki saboda yawu. Ba ni da 'yar robar hura iskar nan. Ƙarfe goma sha ɗaya na dare, na waiga, ga famfon kekena jingine a bayan ƙofa. Na ce ai iska iska ce. Na cika batiri, don in bai cika ba kyamara ba ta yarda ta kulle madubi a sama, na kifa bakinta ƙasa yadda aka ce, na sa ƙanena ya riƙe, na ba ta famfo uku masu kyau. Ko kaɗan bai zo mini a rai ba cewa fatar cikin famfo da giris ake shafe ta, kuma bututun ya shekara yana shan ƙasar titi. Da na sake ɗaukar bango, tsoffin tabon suna nan, ga kuma sababbi masu zobe-zobe kamar an yayyafa mai a ruwa. Garin neman gira na kusa rasa ido. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Ranar Litinin na kai ta wurin wani mai gyaran kyamara a cikin gari. Ya haska da 'yar fitila, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, me ka sa mata?"

"Iska ce kawai, Alhaji."

"Iskar me?"

Da na faɗa, bai ce komai ba, sai ya ƙwala wa yaronsa kira ya ce in maimaita a gabansa. Na maimaita. Naira 15,000 ya karɓa, bai rage ko sisi ba, ni ma ban ga fuskar neman ragi ba. Amma na tsaya a kansa na kalli aikin, kuma kallon ya rage mini zafin kuɗin. Tsinken gogewa mai faɗin sensar daidai, ɗigon ruwan wanki biyu a bakinsa, ja ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, ya juya ɗaya fuskar ya dawo, ya jefar. Tsinke huɗu ya ɓata kafin man ya fita. Shi ya nuna mini cewa tabon da kake gani a saman hoto a ƙasan sensa yake, tunda lens kife hoto yake yi. Ni da na yi ta leƙen sama ina cewa ban ga komai ba.

Sensa ta fita fes, amma matsalar asali tana nan. Muddin zan sa 1/30 cikin ranar Kano, kyamara za ta koma f/29, kuma ƙura za ta dawo, hunturu ne. Ko babu ƙura ma, a wannan tsukewar hoto laushi yake yi, don haske na watsewa in ya kutsa ta ƙaramar kafa, kuma megafiksel 24 ba ta ɓoye aibi. Na koma na duba na Asabar ta uku, waɗanda na ɗauka hannuna ne ya yi rawa, ashe wasunsu hannu ya yi daidai, ƙofar ce ta cuce su.

Hanya biyu ce, ko a fita da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, ko a sa wa lens tabarau. Na fara gwada ta farko tunda kyauta ce. Bayan asuba muka fita, sanyi na yanka yatsu, hazo ya rufe gari. Haske ya yi daidai, f/8 ba tare da wata dabara ba, sai dai hotunan fari fat kamar an jiƙa su a koko, kuma ƙanena ya rantse ba zai sake fitowa a wannan lokacin ba. Don haka na sayi filta mai rage haske, ND8, mai cin mataki uku. Bakin lens ɗina biyun duka milimita 52 ne, guda ɗaya ta ishe su. Naira 17,000. Robar hura iska 6,000. In ka tara da kuɗin wanki 38,000 ke nan, kuɗin da nake tarawa in canza tayar baya, wadda yanzu facinta ya kai biyar, mai facin unguwarmu har ya daina tambayata abin da ya faru. A shagon an so a haɗa ni da wata filta fara mai kare gilashi kawai, wai duk ɗaya ne. Ku ɗaga ta ku kalli haske kafin ku biya, in ba ta yi duhu ba ba ita ba ce.

Da filtar, abin da zai zama f/22 ya dawo f/8. Wurin leƙawa ya ɗan yi duhu, na ji tsoron fokos zai riƙa neman hanya, amma da rana bai dame shi ba.

Saura kuma abubuwan da babu mai gaya maka sai ka ɓata hotuna ɗari. Mai keke da ke tafiyar kilomita 20 a awa yana cin mita biyar da rabi a daƙiƙa, a 1/30 ya matsa wajen santimita 18 kafin shota ta rufe, a 1/125 bai kai biyar ba. Shi ya sa 1/125 ke ba ka mutum tar amma kamar an ajiye shi a tsaye. Ni 1/40 ce ta karɓe ni, a 1/30 har yanzu hannuna bai kai ba. Bayan mutum kuma sai da tarkace. Na ɓata Asabar guda a wani fili da babu komai sai sama da hazo, rakiya ta yi kyau amma babu abin da zai ja zane, hoton ya fito kamar na fasfo. Sannan mai keke ba gaba kawai yake tafiya ba, duk taka feda kansa na sama da ƙasa. Sai na ce wa ƙanena ya taho da gudunsa, in ya zo daidai wani turken lantarki ya daina takawa ya bar keken ya gangara. Nan take fuskoki suka fara fitowa. VR, mai rage rawar hannu, a kunne na bar shi, na Nikon yana gane ana rakiya ya gyara rawar sama da ƙasa kawai. Wani abu a gefe: in kun biyo wannan titin, ku mayar da kyamara jaka tun kafin Janguza, barikin soja ba wurin gwajin shota ba ne.

Jiya wajen ƙarfe tara na tsaya kamar taku goma daga kwalta, lens a 35, 1/40, f/8, harbi a jere, huɗu a daƙiƙa. Yaron ya yi zuwa da komowa ya fi ashirin. A na goma sha wani abu ya tsaya ya sauke ƙafa ɗaya yana haki.

"Yaya, wai sau nawa kuma? Ni fa ko karyawa ban yi ba."

Na ce biyar, da alkawarin shayi da ƙwai. A na uku cikin biyar ɗin a-daidaita-sahun ta shigo bayansa ta ɗaya hannun, ruwan ɗorawarta ya ja dogon layi daidai kafaɗarsa. Ina dannawa na ji a jikina. Na zuƙo hoton a bayan kyamara har ƙarshe, ido tar, wayoyin taya sun narke sun zama faifai. Na yi kabbara a bakin titi har wani mai rake ya juyo.

Ba cikakke ba ne. Tayar gaba ta ɗan yi laushi, don na danna kafin ya zo daidai gabana, kuma in mutum na tahowa a karkace gabansa da bayansa ba gudu ɗaya suke yi a idon lens ba. Akwai kuma sabon tabo ɗaya a kusurwar hagu ta sama, ya fito da na gwada bango a f/22 da daddare, a f/8 ba a ganinsa, na hura masa roba bai tafi ba, na ƙyale shi. Yanzu jakar a bayana take, kyamara cikin leda mai zif, kuma lens ɗin da na fita da shi daga gida shi zan dawo da shi. Wanda ya taɓa wanke sensarsa da tsinke da hannunsa ya gaya mini gaskiya ko abin na yiwuwa ga mai rawar hannu, don ba zan sake ba da 15,000 ba.

Na tura wa ƙanena hoton da rana. Da yamma na ga ya sa shi a WhatsApp. Ya yanke shagunan, ya yanke a-daidaita-sahun, ya yanke keken gaba ɗaya, ya bar fuskarsa da hular sanyi.