Abin da layin marasa lafiya ya koya mini game da ciwon damuwa

Mai ciwon damuwa a wajenmu ba kasafai yake zuwa asibiti ya ce ransa a ɓace yake ba. Cewa zai yi kansa na ɗaukar zafi, ko wani abu na yawo a jikinsa, ko gabansa na faɗuwa, barci ya ƙaura. Likita ya duba layi ya ga ya kai bakin ƙofa, sai ya rubuta gwajin maleriya da taifot. Gwajin taifot ɗin nan, wato Widal, kuwa da wuya ya rasa abin nunawa a jinin mutumin da ya girma a nan. A ba da magani, bayan wata guda a sake ganin fuskar nan da kukan nan.

Ba na ɗora wa likitocin laifi gaba ɗaya. A makarantar likitanci makonni kaɗan ake yi a sashen ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda ɗalibi ke gani a can su ne masu tsananin ciwo, irin waɗanda ake kaiwa asibitocin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware. Sai ya fito da tunanin cewa ciwon ƙwaƙwalwa shi ne hauka tuburan. Matar da ta haihu ta daina cin abinci, ta daina kallon jaririnta, ba ta cikin lissafinsa.

Aiki ne ya koya mini tambayoyin da ba sa cin minti biyar: Yaya barci? Me ke hana ki sukuni? Wa kike gaya wa damuwarki? Da wadda kowa ke tsoro: kin taɓa jin gara ki mutu? Tambayar ba ta saka wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Irin wannan ne tsarin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka ƙaddamar a 2008, yake koya wa ma'aikacin da ba ƙwararre ba, domin ƙwararrun ba za su taɓa isa ba.

Darasi na biyu ya fi mini wuyar haɗiya. Kafin mara lafiya ya iso gare mu, an yi masa ruƙiyya, ya sha rubutu, an ce aljanu ne ko sammu. Likitan da ya yi wa wannan dariya ba zai sake ganin mutumin ba. Likitan ƙwaƙwalwa Dakta Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro, Abeokuta: ya sauke marasa lafiya a gidajen mutanen ƙauye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Ni yanzu cewa nake: "Baba, a ci gaba da addu'a, amma kada a bar ƙwayar nan." Inda ba na sassautawa shi ne mari da duka da sunan magani.

Najeriya ta yi ta amfani da dokar mahaukata ta 1958 har Janairun 2023, lokacin da aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Dokar ta canza a takarda. Takardar gwajin taifot kuwa har yau ita ce ta fi saurin fita daga teburin likita.